Ɓera a Cikin Tantin Leda: Yadda Lora Hooper Ta Gano Garkuwar Hanji

A jikin baligi guda akwai ƙwayoyin bakteriya kimanin tiriliyan 38, kusan dukkansu a hanji. Abin da ya raba su da jininsa fata ce mai kaurin sel ɗaya tak, wato ƙwayoyin halitta a jere kafaɗa da kafaɗa, babu ninki. Da za a shimfiɗa wannan fata a ƙasa, da ta rufe fili mai faɗin murabba'in mita 30 ko ɗan fiye. Ta nan abinci ke ratsawa ya shiga jini, don haka ba ta da damar yin kauri. Kuma bakteriyar da ke zaune lafiya a hanji, idan ta sami kafa ta faɗa jini, tana iya kwantar da mutum, har ta yi ajalinsa. Amma ga mu nan muna ci muna sha shekara da shekaru, ba su ƙetaro ba.

Lora Hooper, masaniyar garkuwar jiki a cibiyar koyon aikin likita ta UT Southwestern da ke Dallas a Amurka, ta kwashe fiye da shekara 20 tana bin diddigin abin da ke tsare wannan iyaka. Amsar da ta samu ana iya faɗinta a jimla biyu. Hanyar da aka bi kafin a kai ga amsar ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin aiki ne na hannu da natsuwa, wanda rabinsa wanke-wanke ne da dafe-dafe da ƙidaya.

Ba ita ta fara gano cewa jiki na haɗa maganinsa na kashe bakteriya ba. A 1981 Hans Boman da abokan aikinsa a Suwidin sun fitar da wani ɗan guntun furotin daga jikin wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi, suka ga yana kashe bakteriya. A 1985 Robert Lehrer da Tomas Ganz da Michael Selsted a Los Angeles suka sami irinsa a fararen ƙwayoyin jinin mutum, suka sa masa suna difensin. A 1987 Michael Zasloff ya ciro wani daga fatar kwaɗon Afirka. Waɗannan guntaye su ake kira feftayid: sarƙa ce gajeriya ta amino asid, sau da yawa 30 zuwa 40, alhali cikakken furotin yakan kai ɗaruruwa. Akasarinsu na ɗauke da cajin lantarki irin wanda fatar bakteriya ke janyowa, sai su manne mata, su huda ta. A hanji ma an san maɓoyarsu. Bangon ƙaramin hanji cike yake da 'yan tsiro-tsiro masu tsotsar abinci, a tsakaninsu akwai ramuka, a gindin kowane rami kuma akwai wasu sel masu tarin ƙunshin sinadari, waɗanda Joseph Paneth na Biyana ya bayyana a 1888 aka sa musu sunansa. Andre Ouellette ya yi aiki a kan difensin ɗin da sel na Paneth ke fitarwa a ɓera, Charles Bevins ya yi a kan na mutum.

Tambayar Hooper ta ɗan bambanta. Tana so ta san abin da bangon hanji ke yi a lokacin da ya ji zuwan bakteriya. Wanda ke son ganin wannan kuwa dole ya sami hanjin da bai taɓa jin bakteriya ba, don ya kwatanta. Irin wannan hanji babu shi a duniyar Allah, sai an yi shi.

Ta koyi sana'ar a ɗakin binciken Jeffrey Gordon a Jami'ar Washington da ke St. Louis, bayan ta kammala digirinta na uku a wannan jami'a a 1996. Sana'ar tsohuwa ce. Tun 1895 George Nuttall da Hans Thierfelder suka raini wata 'yar dabba a Barlin na ɗan lokaci ba tare da ƙwaya ta taɓa ta ba, kuma a ƙarshen shekarun 1950 Philip Trexler na Jami'ar Notre Dame ya ƙera tantin leda da ya sauƙaƙa aikin. Ga yadda yake. Tanti ne na leda mai kauri, garai-garai, a kan tebur, a hure kamar zai fashe. Fanka na tura iska a ciki ta matata mai tare ƙura da ƙwayoyi, kuma da gangan ake sa ƙarfin iskar ciki ya fi na waje. Hikimar ita ce, idan wata 'yar ɓula ta samu, iska fita za ta yi, ba shiga ba. A jikin tantin an liƙa dogayen safar hannu na roba masu kaiwa kafaɗa. Ta cikinsu ma'aikaci ke zura hannu ya canza shimfiɗar keji, ya zuba abinci, ya ɗaga ɓera. Tun daga haihuwa har mutuwa fatar mutum ba ta taɓa dabbar.

Ɓeran farko fa, ta ina ya shiga? Ɗan tayi a cikin mahaifa a tsare yake, sai wajen haihuwa yake kwasar ƙwayoyin uwarsa. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne. Sai a lissafa ranar, a jira har haihuwa ta gabato, a kashe uwar, a ɗaure bakin mahaifa, a ciro ta ɗungurungum da 'ya'yan a ciki. A tsoma ta a ruwan magani mai ɗumi, a shigar da ita tanti ta ƙofar da aka tanada. A can ciki wani na jira da almakashi. Ya tsaga mahaifar, ya fito da 'yan jajayen jarirai ɗaya bayan ɗaya, ya share musu baki, ya riƙa murza su a hankali da auduga har su ja numfashi, ya ɗumama su, sannan ya sa su a ƙarƙashin wata uwar goyo wadda ita ma a tanti aka haife ta. Mintoci kaɗan ke gare shi. In ya yi nawa su mutu, in ya yi garaje ya ji musu ciwo, kuma duk wannan da yatsu a cikin roba mai kauri. Yanzu akan dasa ƙwan da aka riga aka haɗa a mahaifar uwar tanti, amma tsohuwar hanyar ba ta mutu ba.

Samun ɓeran shi ne mai sauƙi. Riƙe shi a haka wata da watanni shi ne aikin. Duk abin da zai shiga tanti, abinci, ruwa, dusar katako ta shimfiɗa, keji, sai an dafa shi a tukunyar tururi mai matsi da ake kira otokilef, a zafin digiri 121 ko fiye. Ana loda kayan a wata gangar ƙarfe mai huji-huji da aka naɗe da matata, a rufe bakinta da siririyar leda. Tururi na shiga ta matatar, ƙwaya ba ta shiga. Ba a yarda da agogon tukunyar kawai. Akan cusa wata 'yar takarda a tsakiyar kayan, ɗauke da ƙwayayen wata bakteriya mai taurin rai a zafi. Bayan dahuwa a gwada ta, in ta tsiro to dahuwar ba ta yi ba, a sake. Zafin na lalata wasu bitamin, shi ya sa tun a masana'anta ake ƙara su a abincin, musamman da yake ɓeran da ba shi da bakteriya ya rasa masu haɗa masa bitamin K a ciki. Sannan a haɗa bakin gangar da ƙofar tanti da wani hannun riga na leda, a fesa maganin kashe ƙwaya a tsakani, a jira ya gama aikinsa, sai daga ciki a huda ledar a janyo kayan.

Wannan jira shi ke raba ma'aikata. Babu mai tsaye a kan mutum da agogo, kuma wanda ya rage mintoci don ya tafi gida da wuri ba zai ga komai a ranar ba. Sai bayan mako biyu, lokacin da aka ɗebi kashin ɓerayen aka shuka a faranti, wani a iska wani a inda babu iskar shaƙa, aka shafa wani a gilashi aka duba a madubin ƙara girma, aka kuma nemi alamar gadon bakteriya da na'ura. Ƙwaya ɗaya da ta kutsa ta isa, don a hanjin da babu kishiya kwana kaɗan take cika shi. Daga nan tantin duka ya tashi aiki, tare da duk gwajin da ake yi a ciki. Shi ya sa gwanin wannan aiki kan fara da duba safar hannu, yatsa bayan yatsa, yana neman hujin da haƙorin ɓera ko bakin keji ya yi, kafin ya taɓa komai.

Ɓeran tanti na rayuwa, yana haihuwa, amma in an buɗe cikinsa za a ga bambanci. Jakar da ke mahaɗar ƙaramin hanji da babba ta kumbura ta ninka girmanta sau da yawa, kuma sassan garkuwar hanjinsa ba su gama ginuwa ba. To, ga farar takarda ta samu. Yanzu sai a rubuta abin da ake so a kanta: a ɗura wa ɓeran bakteriya iri ɗaya tak, ko a ba shi dukan taron da ke cikin ɓeran gida, a jira kwanaki, a duba abin da ya sauya. A 2001 Hooper da Gordon suka wallafa irin wannan gwaji a mujallar Science, inda suka sa wa ɓerayen tanti wata bakteriyar hanjin mutum mai suna Bacteroides thetaiotaomicron, suka nuna cewa ita kaɗai ta sauya aikin ƙwayoyin gado masu yawa a bangon hanji, daga na tsotsar abinci har na ƙarfafa bangon.

A 2003 ta buɗe nata ɗakin binciken a Dallas, ta kafa nata tantunan, ta mai da hankali kan sel na Paneth. Nan ma akwai matsala. In aka niƙa hanji gaba ɗaya, muryar waɗannan 'yan sel za ta ɓace a cikin ta sauran. Dole a tsince su su kaɗai. Sai a daskarar da guntun hanji, a yanka shi siriri-siriri, kaurin 'yan mikron kaɗan (mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita), a ɗora a gilashi, a rina, a busar da shi sarai. A kifa masa wani ɗan murfi mai shafe da leda, a leƙa ta madubi, a saita gindin rami, a harba hasken leza. Zafin ya narkar da ledar a daidai wannan ɗigo, ta kama sel ɗin da ke ƙarƙashinta. A matsa zuwa rami na gaba, a sake harbi. Haka, rami bayan rami, har a tara abin da zai isa awo. In an ɗaga murfin, sel na Paneth na manne a jikinsa, sauran naman na nan a gilashi da 'yan gurabe. Abin da ake nema a cikinsu kuwa, wato RNA, saƙon da ke nuna wace ƙwayar gado ke aiki, ba ya da juriya ko kaɗan. Sinadarin da ke rusa shi yana nan ko a fatar yatsa. Ga aikin da ke son natsuwa, ga kuma lokaci na ƙurewa.

Da aka jera sakamakon ɓeran tanti da na wanda aka sa wa bakteriya, wata ƙwayar gado ta yi fice, aikinta ya ninka sau da dama. Sunanta RegIII-gamma. An san danginta tuntuni, an fara ganinsu a gaɓar da ke fitar da insulin, amma ba a san takamaiman aikinsu a hanji ba. Siffar furotin ɗin ta nuna cewa lektin ne, wato mai kama sukari. A nan tsohon karatun Hooper ya yi rana, domin digirinta na uku a kan sukarin da ke manne a jikin furotin ta yi shi. Bangon bakteriya kuwa saƙa ce ta sukari da guntayen furotin, ana ce mata feftidogilaikan.

Zato ba hujja ba ne, sai an gwada. Aka ɗauki ƙwayar gadon aka sa a cikin bakteriyar E. coli don ta haɗa furotin ɗin da yawa. Ta haɗa, amma a cukurkuɗe, dunƙule-dunƙule marasa amfani. Sai an narkar da su da sinadari mai ƙarfi, sannan a janye sinadarin sannu a hankali don sarƙar ta naɗe kanta daidai, a tace, a sake tacewa. Bayan nan gwajin kisa, wanda kowane ɗalibin fannin ya sani amma ba kowa ke yinsa da tsabta ba. A raini bakteriya har ta kai ganiyar hayayyafa, a wanke ta, a raba a kwalabe. Wannan a sa masa furotin kaɗan, wancan fiye, ɗaya a bar shi babu komai don ya zama ma'auni. A ajiye a zafin jiki, digiri 37. Sannan a ɗebi ɗigo a sirka shi ninki 10, a ɗebi na wannan a sake sirkawa ninki 10, haka har sau da yawa, ana canza bakin bututun awo a kowane mataki. A shafa a faranti, a kwana. Da safe kowace ƙwaya mai rai ta zama ɗigon da ido ke gani, sai a juya farantin a ƙirga da alƙalami, ɗigo-ɗigo. Farantin da ya cika maƙil ba a ƙirga shi, wanda ya yi fayau ma haka. Mai ɗigo 30 zuwa 300 ake nema.

Sakamakon ya fito a Science a 2006, da sunan ɗalibar Hooper, Heather Cash, a gaba. RegIII-gamma na kashe Listeria da Enterococcus, bai taɓa E. coli ba. Dalilin na komawa ga wani rini da likitan Denmak, Hans Christian Gram, ya ƙirƙira a 1884. Bakteriyar da ke riƙe rinin ta yi shunayya tana da bangon nan na sukari mai kauri a fili; wadda ke sakinsa ta ɓoye nata a ƙarƙashin wata riga ta biyu. Furotin ɗin masu bango a fili yake kamawa. A 2014, a mujallar Nature, Sohini Mukherjee da Hooper da abokansu suka nuna yadda takwaransa na jikin mutum ke kisan: guda 6 ke haɗuwa su yi zobe a fatar bakteriya, tsakiyar zoben ya zama huji, abin ciki ya tsiyaye.

Gwajin da na fi so shi ne na 2011, wanda Shipra Vaishnava ta jagoranta. Tambayar mai sauƙi ce: in aka cire wa ɓera wannan ƙwayar gado, me zai faru? Mai gaggawa zai ƙirga bakteriyar da ke cikin hanjin, ya ga adadin bai sauya ba, ya ce furotin ɗin ba shi da wani tasiri, ya rufe littafi. Su kuwa sai suka tambayi inda bakteriyar ke zaune. Don ganin haka dole a adana hanjin yadda yake, da yauƙin da ke lulluɓe da bangonsa. Ruwan fomalin da aka saba jiƙa nama da shi yana ɓata wannan yauƙi, komai ya ruguje wuri guda. Akwai wani haɗi marar ruwa da ake kira Carnoy, na barasar ɗakin bincike da kulorofom da asid ɗin binega, wanda ke riƙe yauƙin a mazauninsa. Da irinsa ne ɗakin Gunnar Hansson a Suwidin ya nuna shimfiɗar yauƙin babban hanji a 2008. Ba a wanke cikin hanjin, ba a matsa shi da hantsaki. A yanka, a zuba wani rini mai ƙyalli da ke manne wa gadon bakteriya kaɗai, a rina sel na ɓeran da wani launi dabam, a kashe fitila, a leƙa.

A lafiyayyen ɓera, ga 'yan tsiron bango a gefe, ga taron bakteriya na ƙyalli a gefe, a tsakaninsu baƙin fili kusan babu kowa, faɗinsa kimanin mikron 50, kashi ɗaya cikin 20 na milimita. A ɓeran da aka cire wa RegIII-gamma filin ya tafi, bakteriya na kwance a jikin bangon, kuma sojojin garkuwa na can ciki sun tashi tsaye, abin da a lafiya ba sa bukatar yi. Haka abin ya kasance da aka cire MyD88 daga sel na bangon, wato furotin da ke isar da labarin zuwan bakteriya. Ashe bangon da kansa ke jin motsinsu, shi ke zuba maganin a cikin yauƙi. Abin ya yi kama da shingen da manomi ke yi tsakanin gonarsa da burtali: yana son shanun, yana son takinsu, ba ya neman ya kore su daga ƙasar, amma ba za su taka shuka ba.

Akwai wata dabara a irin wannan gwaji da ba ta fitowa a kanun labari. Ɓeraye na cin kashin juna, don haka 'yan keji ɗaya bakteriyarsu kan zo ɗaya. Wanda ya kwatanta ɓeran da ya sayo daga wani wuri da wanda ya raina a ɗakinsa, yana iya ɗora wa ƙwayar gado laifin da na keji ne. Masu kula kan haɗa iyayen da za su haifi iri biyun a ciki ɗaya, su bar 'yan'uwan a keji ɗaya, sannan su kwatanta. Yana cin watanni, amma shi ke sa a yarda da sakamakon.

Aikin ya buɗe wa wasu hanya. A 2008 ɗakin Eric Pamer a New York ya nuna cewa ɓerayen da aka ɗura wa magungunan kashe bakteriya masu faɗin aiki, har da metronidazol, suna rage fitar da RegIII-gamma, saboda an kashe masu tayar da bangon daga barci. A wannan giɓi wata Enterococcus mai bijire wa maganin bankomaisin, irin wadda ke addabar asibitoci, ke samun wurin zama. A ɓera aka yi gwajin, kuma ɓera ba mutum ba ne. Duk da haka metronidazol ɗin nan shi ne Flagyl da ake saya a kemis ba takardar likita da zarar ciki ya ɗan murɗa, a sha biyu a ajiye sauran. Ita Hooper ta zama mai bincike a ƙarƙashin Cibiyar Howard Hughes a 2008, aka zaɓe ta a Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka a 2015, ta kuma zama shugabar sashen nazarin garkuwar jiki a jami'arta a 2016.

A 2021, a mujallar Cell, John Brooks da Hooper suka ƙara wa lissafin lokaci. Sun ɗebi hanjin ɓeraye a sa'o'i daban-daban na dare da rana, suka ga RegIII-gamma na hawa da sauka. Ɓera da dare yake kiwo. Da ya fara ci, wata bakteriya mai siffar zare mai gaɓa-gaɓa takan manne wa bangon ƙaramin hanji, mannewar ta tayar da garkuwa, maganin ya ƙaru a daidai lokacin da abinci ke shigowa da baƙin ƙwayoyi. Da aka juya lokacin cin abincin zuwa rana, hawa da saukar ma suka juya. Wani abin da ba a zata ba shi ne, Salmonella, dangin mai kawo taifot, ta fi kama ɓeran da aka ba shi ita da faɗuwar rana, lokacin da garkuwar ke sama, domin ita tana jure wa wasu daga cikin waɗannan magunguna, su kuwa suna share mata abokan gasa. Don haka duk mai auna wannan furotin yanzu, bayan lambar keji da shekarun ɓera da abin da ya ci, sai ya rubuta ƙarfe nawa ya ɗebi hanjin, ya kuma ɗebi na kwatanci a sa'a ɗaya da shi.